Wasiƙa Daga New Bedford: Kayan Da Maharban Teku Suka Bari

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida,

Ina rubuto muku ne daga New Bedford, a jihar Massachusetts ta Amurka, garin da ya yi arziki a ƙarni na 19 da farautar kifin wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayar da 'ya'yanta nono. Kafin zuwan kananzir, da man wannan dabba ake kunna fitilu a biranen Amurka da Turai, kuma daga wani farin kitse da ke cikin kan nau'inta mai haƙora ake yin kyandir mafi tsada. A shekarar 1857 garin nan yana da jiragen farauta 329, dukkansu na katako, iska ce ke tura su. Bayan shekara biyu aka haƙo man fetur a Titusville ta jihar Pennsylvania, sannan a 1871 ƙanƙara ta rutsa da jirage 33 a gaɓar Alaska, daga nan sana'ar ta yi ta ja da baya har ta mutu. Kayan aikin da ta bari su ne na daɗe ina bi a gidajen gwanjo da shagunan masu tsofaffin kaya.

Abin da masu saye suka fi rububi a kai shi ne haƙorin wel mai zane. Tafiya ɗaya takan ci shekara uku ko huɗu, kuma akan yi makonni ba a ga dabba ba, saboda haka ma'aikacin jirgi yakan kankare haƙori har ya yi sumul, ya zana jirginsu ko surar wata mace da allura ko tsinin wuƙa, sannan ya goga tawada ko baƙin fitila a cikin zanen. Mafi yawansu ba su sa suna ba, shi ya sa haƙoran da Frederick Myrick ya zana a jirgin Susan na tsibirin Nantucket a 1828 da 1829, waɗanda ya sa wa sunansa da kwanan wata, suke da daraja ta musamman. Shugaba John F. Kennedy ya yi sha'awar tara irin waɗannan haƙora, farashinsu ya tashi, jabu na roba kuma suka cika kasuwa. A ganina, haƙorin da ya zo da sunan jirgi da na kyaftin da shekara, komai a cike, shi ya fi cancantar a yi masa kallon tuhuma.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga ƙarfe. A 1848 wani maƙeri baƙar fata mazaunin garin nan, Lewis Temple, ya ƙera mashi mai kai mai juyawa. Ɗan siririn itace ne ke riƙe kan a miƙe har mashin ya shige, idan dabbar ta fizgi igiya sai itacen ya karye, kan ya gicciye a cikin nama, ba ya sake fita. Kafin wannan dabara mashi yakan zare, wahalar yini guda ta tafi a banza. Temple bai yi rajistar ƙirarsa ba, sauran maƙera suka kwaikwaya suka ci riba, shi kuwa ya rasu a 1854 bai bar dukiya ba, ko da yake yau akwai mutum-mutuminsa a gaban ɗakin karatu na garin. A jikin tsohon mashi na gaske akan sami tambarin maƙeri, wani lokaci har da sunan jirgi da alamar ƙaramin kwalekwalen da aka jefa shi daga ciki, domin idan aka tsinci dabbar a mace a san masu ita.

Hannayen da suka jefa irin wannan mashi da yawa daga yankinmu na Afirka ta Yamma suka fito, domin jiragen sukan tsaya a tsibiran Cape Verde su ɗebi samari. Ba albashi ake biyan su ba, kaso ake ba su daga ribar tafiya, kuma sabon shiga yakan sami kusan kashi ɗaya cikin ɗari biyu, sannan a cire kuɗin tufafi da tabar da ya ci bashi a jirgi, har wani ya dawo bayan shekaru hannu rabbana. Jikokinsu suna nan da yawa a garin har yau.

Sunayen irin waɗannan mutane a cikin takardun jirgi kaɗai suka rage, shi ya sa nake ganin kundin tafiya ya fi kowane haƙori daraja. Mataimakin kyaftin ne ke rubuta yanayin iska da inda jirgi yake a kowace rana, ya buga hatimi mai surar dabbar idan an kama, ya rubuta yawan gangunan mai a ciki, idan kuwa ta kuɓuce sai ya buga wutsiya kawai. Masana yanayi suna karanta waɗannan kundaye don sanin halin teku a da. Abin takaici ne ƙwarai yadda wasu dillalai ke yage shafuka masu hatimi su sayar ɗai-ɗai, domin kundin da aka yayyaga ba ya sake haɗuwa.

Ba na mantawa da cewa wannan sana'a ta yi wa dabbobin teku mummunar ɓarna, wadda ta ƙaru a zamanin jiragen inji har aka dakatar da farautar kasuwanci a 1986. Dokokin Amurka na 1972 da 1973 sun taƙaita cinikin haƙori da ƙashinsu, mai sayarwa ne zai kawo shaidar tsufan kaya, kuma fitar da su daga ƙasar sai da izini a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa. Don haka masu roƙon in kawo musu haƙori tsaraba su yi haƙuri. Ɗalibanmu da ke karatu a wannan yanki kuwa, ina ba su shawara su ziyarci gidan tarihin farautar wel na New Bedford, su kuma leƙa Mystic a jihar Connecticut, inda ake shiga cikin Charles W. Morgan, jirgin da aka ƙera a 1841, ya yi tafiyar farauta 37, kuma shi kaɗai ya saura cikin jiragen farauta na katako na Amurka.

Wassalam,
ɗan'uwanku a New Bedford.