Yini Guda a Kwazazzabon Batoka

Asabar, da dare.

Kafaɗuna suna ciwo, amma ina so in rubuta abin da na gani yau a kogin Zambezi tun bai dusashe ba. Da sassafe muka gangara kwazazzabon Batoka, ƙasa da magangarar ruwan Victoria, inda kogin ya raba Zambiya da Zimbabuwe. Zurfin wurin ya haura mita 100, kuma tun muna sauka a ƙafa na gane cewa duk wanda ya ji rauni a can ƙasa, fitar da shi zuwa asibiti jan aiki ne, domin mota ba ta isa bakin ruwan.

Kafin mu taɓa jirgin robar da za mu bi kogin da shi, jagoranmu ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana kama kafaɗun rigar ceton kowa yana fizgowa sama, wadda ta haura zuwa kunne kuwa sai ya sake tamke ta, saboda da ita ake jawo mutum cikin jirgi, kuma sakakkiya tana iya zamewa ta bar mai ita a ruwa. Ya duba igiyar hular kwano, sannan ya gargaɗe mu kada mu saki kan filafili, domin shi ne ke fasa leɓen na kusa idan jirgi ya yi tsalle.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanin da ya yi mana na miƙewa tsaye. Wanda ya faɗa ruwa, abu na farko da zuciyarsa take raya masa shi ne ya nemi ƙasa da ƙafa, alhali a ruwa mai gudu nan ne ajali yake fakewa: ƙafa ta maƙale tsakanin duwatsu, ƙarfin ruwa ya kifa mutum ta fuska, ya danne shi ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. Abin da ake so shi ne mutum ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna fuskantar inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a sama, ya ja numfashi a tsakanin igiyoyin ruwa. Haka kuma a guji itacen da ya faɗi cikin kogi, wanda yake kamar rariya, ruwa ya wuce, mutum ya tsaya.

Ba a jima ba muka ga amfanin wannan magana. A wata gangara mai duwatsu, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, jirgin ya karkata, wani dattijo da ke gabana ya sulluɓe. Na ga hularsa ta ɓace cikin kumfa, ta sake ɓullowa, kuma duk da firgicin da ke fuskarsa bai yi yunƙurin tsayawa ba. Mai ƙaramin kwale-kwalen ceto da ke jira a ƙasa ya tare shi, dattijon ya dafa kansa da hannu, alamar lafiya lau.

Ana auna wahalar irin waɗannan wurare daga mataki na 1 zuwa na 6, kuma da dama daga cikin na Batoka suna mataki na 4 da na 5. Da muka iso gangara ta 9 a jerin gangarorin kogin, wadda ake lissafawa a mataki na 6, jagoran ya sa muka fito muka zagaye ta ta kan duwatsu. Wani matashi ya yi gunaguni cewa don irinta ya zo. Jagoran bai ja zance ba, ya ce masa, "Ɗan'uwa, wannan ba ta fasinja ba ce." A ganina, wannan ƙin da ya yi ya fi duk gwanintar tuƙinsa nuna cewa ya san aikinsa, kuma a lokacin ne hankalina ya kwanta da shi sosai.

Hawan fita daga kwazazzabon da yamma, cikin zafi da gajiya, ya wahalar da mu ƙwarai, har na fahimci dalilin da ya sa aka tambaye mu da safe ko akwai mai ciwon zuciya ko asma. A hanya jagoran ya gaya mini cewa idan kogin ya cika bayan damina, ana daina bin gangarorin farko, wani lokaci ma a dakatar da tafiyar baki ɗaya har ruwa ya ja.