Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ragon da Na Mayar

Wancan makon na tsaya a shekarar da Auta ta samu gurbi a kwalejin John Jay da ke Manhattan. Ni nake kai ta da tasi bayan sallar asuba, kafin in fara ɗibar fasinja. Wata safiya na ce, "Wai shi wannan Jay ɗin wane ne?" Ta ce, "Baba, alƙali ne, irin Malam."

Da kaɗan-kaɗan ta ba ni labarinsa a hanya. An haife shi a 1745. Shi Shugaba Washington ya naɗa alƙalin alƙalan Amurka na farko a 1789. A 1794 aka tura shi Landan, domin Ingila tana kame jiragen ruwan Amurka, yaƙi yana ƙoƙarin ɓarkewa. Ya dawo da yarjejeniya, yaƙin bai auku ba a lokacin, amma mutanensa suka riƙa yin mutum-mutuminsa suna cinna masa wuta a tituna, wai ya sayar da ƙasa.

Nan na kasa magana. Malam, Allah ya jiƙansa, kullum cewa yake mai raba faɗa shi ke shan duka. Da ya sasanta rikicin fadamar nan, gidan Kawu ne suka fara yaɗa cewa rago aka ba shi. An kawo ragon kam, ba ƙarya. Fari ne mai baƙin wuya. Ni aka miƙa wa igiyarsa bayan isha'i, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na ja shi har ƙofar mai shi yana turjewa, igiyar ta ɗaye mini tafin hannu. Wa ya tambaye ni? Babu. Kuma gidan Kawun ne a sahun gaba ranar jana'izar Malam.

Jay ya yi gwamnan jihar New York daga 1795. Shugaba Adams ya nemi ya koma kujerar alƙalanci, ya ƙi, ya tattara ya koma gonarsa a Bedford a 1801, can ya zauna har rasuwarsa a 1829. Haka Malam ya yi. Da aka aiko masa a kan ya dawo kujerar alƙalanci, cewa ya yi a gaishe su, ya ci gaba da biya wa almajiransa karatu a zaure.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Jay ne ya sa hannu a dokar 1799 ta 'yanta bayin jihar sannu a hankali, alhali shi kansa ya mallaki bayi. A nan ban haɗa shi da Malam ba, na kuma gaya wa Auta haka.

Bara ɗan Kawu ya kira ni yana neman in taimaka masa da biza. Ya ce abin da ya wuce ya wuce. Na ce ya fara tambayo mahaifiyarsa wa ya mayar da ragon. Har yau bai sake kira ba.