Kwaɗon da muke garƙama wa kemis ɗin ƙauye

Na ajiye aikin sa ido kan shagunan magani, kuma har yau ban yarda ogana yana da gaskiya ba.

Duk wanda ya yi aikin nan ya san yadda ake yi idan lokacin rahoto ya matso: sai an samo adadin shagunan da aka rufe ko ta halin ƙaƙa. Manyan diloli masu sito cike da kwalaye ba a taɓa su sai da izini daga sama, don haka ƙauye ake nufa. A wani gari da ma'aikacin asibitinsu ba ya kwana, muka tarar da mai kemis da bai sabunta lasisi ba. Na bi kantarsa kwalba-kwalba. Babu jabu, babu wanda wa'adinsa ya wuce, babu allura a ɓoye. Muna tsaye wata tsohuwa ta iso da jikanta a goye, jikinsa zafi rau, 'yan kuɗinta ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Ɗan nan, ku bari ya ba ni na zazzaɓi tukuna." Na ce wa oga, "Yallaɓai, a ba shi wa'adi ya je ya biya." Ya ce doka ba ta san tsohuwa ba. Aka garƙama kwaɗo. Da na kai ƙorafi a rubuce, sai aka mai da ni ɗakin fayil, aka ce tausayina ya yi yawa.

Kada a ɗauka ina cewa a bar kowa ya sayar da abin da ya ga dama. A 2008 maganin fitar haƙora na My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, saboda wani sinadari mai lalata ƙoda da ya shiga cikinsa. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, bayan ya cinye mana samari da matan aure. Amma daga ina masifun nan biyu suka ɓullo? Daga masana'anta da manyan diloli. Can ya kamata doka ta fi nuna ƙarfinta.

Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Muddin kuɗin nan bai zama magani a asibitin ƙauye ba, rufe kemis tura tsohuwa ne wurin mai tallar ƙwayoyi a faranti, waɗanda suka wuni a rana.

Ku abokan aikina da kuka rage: ku riƙa ajiye kwafin duk abin da kuka sa wa hannu. Ku koya wa mai shago iyakar abin da lasisinsa ya halatta masa kafin ku ci shi tara. Shi kuwa oga, na ji an ƙara masa girma, kuma abin yana yi mini ciwo.