Katangar da na gina sau biyu

Fegi na saya a bayan Dogarawa, ƙafa 50 da 100, shekara uku ina tara kuɗinsa, kuma tun ranar da aka rubuta min takarda a gaban mai unguwa duk wanda na haɗu da shi maganarsa ɗaya ce, kewaye abinka, kewaye abinka. Kuma gaskiyarsu ne. A Zariyar nan ka bar fili a buɗe damina biyu ka gani, ko ka dawo ka tarar wani ya shuka masara har da kuɓewa a gefe, ko 'yan acaɓa sun mayar da shi hanyar yanke, ko maƙwabci ya ɗan matso da harsashinsa taku biyu ya ce ai nan aka nuna masa. To ni a lissafina katanga ce kawai, me ke cikinta, a kira magini a sauke bulo sati ɗaya an gama.

Kawuna ne ya fara taka min birki. Na je gaishe shi a Tudun Wada ina ba shi labari cikin jin daɗi, ya bari sai da na kai aya sannan ya ce, "Kai yaro, ka karɓo izini?" Na ce Kawu ai ba gida zan gina ba tukuna, katanga ce. Ya ce, "To katangar a iska za ta tsaya?"

Abin da da yawanmu ba mu gane ba ke nan. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar da ka yi a gaban mai unguwa da shaidu shaida ce cewa ka biya kuɗi, amma ba ita ke ba ka damar ɗora bulo ba. A jihar Kaduna ofis biyu ne kuma mutane na yawan haɗa su. KADGIS, wadda aka kafa zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ita ke da maganar mallaka da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati. KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini, kuma a wurinta katanga ma gini ce. Za su so ganin shaidar mallakarka da taswirar safiyo da zanen abin da za ka gina, amma ni abin da na lura ya fi damun su shi ne titi, wato nawa ka bar wa hanya da kwata a gaban gida, don ratar da ake bari a bakin babban titi daban da ta layin cikin unguwa. Haka in fegin yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki ne ko ya gangara bakin Kubanni, nan ma magana ta canja. Duk ɗan Zariya ya san jan fentin nan da ake shafa wa gini, kuma mun ga rusau da idonmu a shekarun nan, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba.

Na bi na yi takardun, ya ci min lokaci, ina ta mita a raina saboda siminti kullum ƙara kuɗi yake, amma a cikin wannan zirga-zirgar ne aka ce in kawo safiyo ya sake duba duwatsun iyaka, sai ga shi ɗaya daga cikin huɗun ba ya inda takarda ta ce. Ya gusa cikin fegin dattijon da ke bayana da kusan ƙafa uku. Ko yara ne suka tumɓuke wani ya mayar da ka, ko mai huɗa ne, oho. Da na biye wa dutsen nan da na gina a cikin haƙƙin mutum. Ranar da za a ja igiya na je da kaina na yi sallama na ce Baba don Allah a zo a gani kafin a sa diga a ƙasa, ya fito da sandarsa ya tsaya a rana har aka kafa turaku, ya ce, "Allah ya yi maka albarka ɗana, da haka kowa ke yi da alƙalai sun huta."

Lissafin bulo ba wuya. Zagayen fegi irin nawa ƙafa 300 ne, bulo kusan 200 ke cin layi ɗaya, in layi 10 kake so a saman ƙasa ka tashi 2,000 ke nan, ban da biyu ko ukun da za su shige harsashi, sai ka cire gurbin get. Mai inci 9 na sa a ƙasa, mai inci 6 a sama. In za ka sayi bulo kar ka ji kunya, ɗaga ɗaya daidai ƙirji ka sake shi, ko ka karce shi da ƙusa, in ya zube kamar garin kwaki ka san yashi aka sayar maka.

Inda na yi wauta shi ne bangon baya. Kuɗi sun fara ƙarewa, maginin ya ce min, "Oga, baya ai ba mai gani, mu bar fila a kusurwa kawai, rodin ya ishe mu gaba." Ni kuma da ma neman wanda zai faɗa min haka nake yi. Bango ƙafa 50 ba fila ko ɗaya a tsakiya, alhali sauran ɓangarorin duk bayan ƙafa 10 mun zuba kankare da rodi huɗu. Sannan a rani muka yi aikin, ƙasa ta bushe ƙayau, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ruwan unguwar nan ta ina yake bi ba. Ashe ta bayan fegina yake gangarowa, ni kuma na tare masa hanya ban bar masa ko ƙofar ɓera ba.

Wani daren Agusta aka kwana ana ruwa, da asuba waya ta yi ƙara, Baba ne. "Ɗana, ka zo ka ga katangarka ta yi sujada." Wallahi haka ya faɗa. Na hau mashin na je na tarar fiye da rabin bangon kwance a cikin fegina, a jere kamar an shimfiɗa tabarma, simintin da ke tsakanin bulo ma bai rabu ba a wasu wuraren, jan ruwa na ta wucewa ta kai abinsa. Abin da ya fi tsaya min a rai, jikokinsa a gindin bangon nan suke wasa kullum da yamma. Da ta ɓangarensu ya faɗi, da rana kuma, ban san me zan ce wa bawan Allahn nan ba.

Karo na biyu wani magini na ɗauko, ya zurfafa harsashin har ya sami ƙasa mai tauri, ya sa fila huɗu a tsakiya, ya bar ramuka a layin ƙasa da guntayen fayif, ya sa musu raga saboda macizai da ɓeraye, muka haƙa ɗan lambatu ya bi da ruwan ta gefe zuwa kwatar gaba. Ya kuma kafe sai an riƙa ba ginin ruwa safe da yamma har sati, don da hunturu muka yi, iskar nan na busar da siminti tun bai kama ba. Kuɗin mai ruwa kaɗai sai da na ji a jikina.

Bayan an gama Baba ya aiko babban ɗansa wai ko zan yarda su jingina rumfar awaki a jikin bangon ta wajensu. Na ɗan yi jim, don ni kaɗai na biya, sau biyu ma, sai na tuna hadisin da aka karantar da mu cewa kada mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Na ce a yi, sharaɗina ɗaya, kar a toshe min ramukan ruwa. Rumfar na nan yanzu, akuya uku da ɗan bunsuru. Get ɗin ne har yau ban sa ba, tsohon kwano biyu na tokare a wurin, mai walda a Sabon Gari ya ce in dawo bayan Sallah ko ƙarfe zai sauko.