Jirgi ba shi da gefen titi: kurakuran da na yi wajen ɗora inji

Ƙannena masu sha'awar harhaɗa jirgin sama da hannunku, ga labarin ranar da na kusa kashe sabon inji saboda taƙamar na iya.

A Kaduna na koyi kanikanci. Ina yaron gareji muke ɗaga kai mu kalli Air Beetle, ƙananan jiragen nan da sojojin sama ke koyon tuƙi da su. Sai daga baya na san ashe daga Amurka aka kawo sassansu cikin akwatuna, samfurin RV-6A na kamfanin Van's, aka harhaɗa su a nan Kaduna. Da zama ya kai ni Amurka, na tarar mutum yana iya yin hakan a garejin gidansa, in dai shi ya yi fiye da rabin aikin. Na tara kuɗi na sayi sassan ƙaramin jirgi samfurin Zenith CH 750 da injin Rotax 912 ULS mai ƙarfin doki 100. Bodi ya ci mini shekara uku, kuma na bi littafi layi-layi, don ban san aikin ba. Da aka zo kan inji kuwa sai na ajiye littafin. Ni da na sauke injin Fijo ba adadi, wa zai koya mini ɗaure tiyo?

Injin nan ba kamar na mota yake ba. A mota baƙin mai yana kwance a ƙasan inji, ka zuba, ka duba sanda, ka tayar. Shi wannan tankinsa daban yake, yana ɗaukar wajen lita 3, mai yana bin tiyo ya ratsa na'urar sanyaya shi kafin ya isa famfo. Sabon haɗi duk iska ce a cikin tiyon. Dole a kore ta kafin a tayar: a cire fulogi, a cire tiyon da ke mayar da mai tanki, a hura wa tankin iska kaɗan, a yi ta juya farfela da hannu har allurar mitar da ke nuna ƙarfin bugun mai ta motsa. Duk wannan yana rubuce. Ban karanta ba.

Wata Asabar na tura jirgin waje, na ɗaure wutsiyarsa, na murɗa makulli. Ya tashi bugu ɗaya, ni kuwa baki har kunne. Allurar mai ya kamata ta ɗaga cikin daƙiƙa 10. Ba ta ɗaga ba. Kun san abin da na yi? Na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, yadda muke yi wa tsohuwar mota, ina cewa ai mitar ce. Sai da na ji wani kas-kas-kas daga kan silinda sannan jikina ya yi sanyi, na kashe.

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba, kuma wannan ya fi kuskuren farko muni. Har na fara raya wa kaina in zuba mai in sake tayarwa, in ƙarar ta ɓace shi ke nan. Ƙungiyar EAA ta masu haɗa jirgi da hannunsu, wadda ke taron jiragen sama a garin Oshkosh na Amurka duk shekara, tana da dattawa da ke zuwa duba aikin masu haɗa jirgi kyauta, kuma akwai ɗaya kusa da ni da na yi ta kauce masa don kar a raina ni. Da kunya ta ishe ni na kira shi. Bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe murafan kan silinda, ya danna abin tura bawul ɗaya bayan ɗaya, biyu suka lotsa kamar burodi: iska ce a ciki maimakon mai. Muka yanka matatar mai muka baje takardarta a rana muna neman ɓurɓushin ƙarfe. Allah ya rufa asiri, ba mu samu ba. Ya tambaye ni abin da nake yi in mota ta mutu mini a hanya. Na ce in gangara gefen titi. Ya yi shiru yana kallona har na gane.

Tun da ya zo, sai ya zagaya sauran aikin, asirina ya ƙara tonuwa. Wayar da ake kulle noti da ita, na murɗa uku a baibai, ta yadda maimakon ta riƙe notin sai ta taya shi kwancewa. Notin ƙafar inji da hannu na ɗaure su, irin ɗaurin "ya ji" na gareji, alhali kowanne da adadin ƙarfinsa da sifana mai awo. Tiyon fetur ya bi ta kusa da salansa tsirara, babu rigar kare wuta. Batir kuma na matso da shi gaba don in rage tsawon waya, da muka ɗora jirgin kan sikeli uku sai ga hanci ya yi nauyi, dole na mayar da shi inda zane ya ce.

Wanda ban taɓa jin labarinsa ba shi ne gwajin kwararar fetur. Ana ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, a bar fetur kaɗan a tankin fetur, a cire tiyo daga kafireto a sa a bokiti, a riƙe agogo. Injin yana shan wajen lita 27 a awa lokacin tashi, kuma abin da ke zubowa dole ya zarce haka da rata mai kyau. Nawa bai kai ba. Wani ɗan guntun roba ne ya maƙale a mahaɗar tiyo tun ranar da na yanka shi da wuƙa ban hure ba. A ƙasa injin zai yi ta aiki lafiya lau, sai an ɗaga sama bishiyoyi na gaba zai shaƙe.

Don haka in kun kai wannan mataki, ku kira mai dubawa tun inji yana cikin akwati, ku karanta littafin ɗorawa kafin ku taɓa sifana, ko da kun shekara ashirin a gareji. Gyaran ya ci mini wata biyu. Bayan jami'in da ke ba jirgi izinin tashi ya sa hannu, aka ba ni awa 40 na gwaji a yankin da aka shata mini, ba fasinja. Guntun robar nan yana cikin kwalba a kan teburin aikina, bai kai ƙwayar wake ba.