Shekarar da FIFA ya bar kwalin faifai

Shagona yana Mabera, a Sakkwato. A gaba ina sayar da faifan PlayStation, a ciki kuma samari na biya su buga ƙwallo. A watan Mayun 2022 kamfanin EA, mai yin wasan ƙwallo na FIFA, ya sanar da cewa zai rabu da hukumar FIFA, alhali tun 1993 suke tare. Na ji labarin na wuce, don a ganina rigimar manya ce.

Sai Satumbar 2023 abin ya iso bakin shagona. Ana gab da fitar da EA Sports FC 24, wato wasan da sabon sunansa, kamfanin ya janye tsofaffin FIFA daga kantunan intanet, har da FIFA 23 da bai cika shekara ba. Faifan da aka riga aka buga kuwa ba wanda ya taɓa shi. Lasisi in ya ƙare, kamfanin da ya yi wasan ne ake ɗaure wa hannu, ya daina sayarwa da sunan. Mu da muka sara tun farko, kayanmu ne.

A ka'ida faifan ƙwallo ba ya kwana biyu da daraja. Sabo na fitowa, na bara ya yi kwantai. Wannan karon FIFA 23 bai yi ba. Wanda ya so sayensa a kantunan intanet bai samu ba, dole ya nemi faifai, ga shi shi ne na ƙarshe mai gasar cin kofin duniya ta Katar. Ban tsawwala kuɗi ba, na dai ƙi karya farashi kamar yadda na saba, kuma suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Sabon ne ya ba ni aiki. Wani dattijo ya zo saya wa jikansa, ya juya kwalin gaba da baya ya ce, "Yaro, wanga ba shi na aka aiko ni ba." Na ce, "Baba, shi ne, suna kawai aka sauya." Sai da na kunna, ya ga Firimiya da Haaland da idonsa, sannan ya laluba aljihu. EA ya rasa suna da kofin duniya ne kawai; yarjejeniyarsa da lig-lig da 'yan wasa daban take.

Yanzu kafin in aika kuɗin sari Kano, nakan duba sunan wa wasan ya aro. Mai aron suna kaɗan nake ɗauka, in ƙara in ya tafi. Samarin ciki kuwa har gobe "Oga, sa mana FIFA" suke cewa.