Tarihin Rayuwar Gida Mai Lamba 10, Kashi na Biyu: Ginin Araha a Kan Fadama

A makon jiya mun tsaya a kan mutumin da titin Downing na Landan, inda gidan Firaministan Birtaniya yake, ke ɗauke da sunansa, Sir George Downing. Mun ga yadda ya fito cikin rukunin farko na ɗaliban da suka kammala Harvard a 1642, ya yi wa Oliver Cromwell, jagoran da ya mulki Ingila bayan an kifar da sarauta, aikin leƙen asiri, sannan da iska ta juya a 1660 ya koma bayan Sarki Charles na Biyu, har ya sa aka kamo tsofaffin abokan tafiyarsa a Holan aka kawo su Landan aka kashe. Yau gidan da kansa za mu shiga. Daga ƙasa kuma za mu fara, domin wahalar da mazauna gidan nan suka sha ta kusan shekara 280 daga can ta taso.

Wanda ya saba ganin baƙar ƙofar nan a talabijin, Firaministan Birtaniya na tsaye gabanta yana jawabi, zai ɗauka fada ce aka gina domin mulki. Ba haka ba ne. Asalinsa gidan haya ne cikin jerin gidaje, irin waɗanda ake ginawa manne da juna kamar shagunan kasuwa, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabcin dama, ɗaya ya raba ka da na hagu. Fuskar gidan ƙarama ce, tsawonsa a ciki yake da sama: ɗakin girki a ƙarƙashin ƙasa, falo a hawa na farko, ɗakunan kwana a sama, barori can ƙarƙashin rufi. Ribar mai gini a bayyane take, gida goma a jere bango goma sha ɗaya suke ci maimakon ashirin. Illar kuma ita ce ba gidan da ke tsaye da ƙafarsa shi kaɗai. Idan ɗaya ya nutse, sai ya ja na kusa da shi.

Downing ya sa ido a kan filin tun 1654, amma akwai wasu iyali da ke riƙe da takardar hayarsa, dole ya jira wa'adinsu ya cika a 1682. Daga nan zuwa 1684 ya jera gidaje tsakanin goma sha biyar zuwa ashirin a wani lungu da ba ya ɓullewa. A shekarar da aka gama ya mutu.

Filin kuwa fadama ce. Yankin Westminster ƙasa ce mai laka da ruwa a kusa, a gefen kogin Thames. Maginin kirki idan ya samu irin wannan wuri, haƙa yake yi har ya taɓa ƙasa mai tauri, ko ya kafa turaku su kai can. Downing bai yi ko ɗaya ba. An yi harsashi marar zurfi, aka shimfiɗa manyan gungumen katako a kan laka, aka ɗora bulo a kai. Katako idan yana nutse cikin ruwa dindindin yakan daɗe, don iska ba ta kai masa. Abin da ke kashe shi jiƙa da bushewa, yau ruwa ya hau gobe ya sauka. Sai ya fara ruɓewa ta waje, ya motse, bangon da ke kansa ya bi shi ƙasa, kuma ba daidai yake sauka ba, wani gefe ya riga wani. Nan ne tsaga take farawa, ƙofa ta ƙi rufuwa, daɓe ya karkace.

Har a fuskar gidajen sai da aka yi coge. Maimakon a jera bulo a tsanake layin kwaɓi ya fito daidai, sai aka zana layukan ƙarya a jikin bango don mai wucewa ya ga kamar aikin gwani. Araha dai ba ta ado. Winston Churchill, wanda ya zauna a ciki bayan shekara fiye da 250, ya kwatanta gidajen da cewa gini ne marar ƙwari, aikin ɗan kwangila mai neman ƙazamar riba.

To yaya aka yi gidan haya ya zama gidan gwamnati? A bayan jerin gidajen Downing akwai wani babban gida da ya girme su, mai kallon filin faretin dawakin sarki. Charlotte, 'yar Sarki Charles na Biyu, ta zauna a ciki da mijinta. Bayansu Lord Overkirk, ɗan Holan na hannun daman Sarki William, sannan daga 1720 Johann Caspar von Bothmer, wakilin Hanover ta Jamus, wanda ya yi ta kai ƙorafin cewa gidan ya lalace har ya rasu a 1732. Da gidan ya koma hannun sarauta, Sarki George na Biyu ya ce ya ba Sir Robert Walpole, wanda ake ɗauka Firaministan Birtaniya na farko, kyauta. Walpole ya ƙi karɓa da sunansa. Ya ce a ba kujerar da yake kai, wato ta shugaban baitulmalin ƙasa, duk wanda ya hau ya shiga, wanda ya sauka ya fita. Wannan muƙami ne har yau ke rubuce a jikin tagullar ramin wasiƙu da ke ƙofar, ba na Firaminista ba.

Walpole ya nemi a haɗa masa da gidan Downing da ke gaba da wani ƙarami a gefe. Mai zama a wurin, wani da ake kira Mista Chicken, in ka so ka ce Malam Kaza, aka lallashe shi ya koma wani gida a titin. Mai zanen gini William Kent ya ɗinke gidajen da dogon zaure mai hawa biyu, ya yi matattakalar dutse wadda kowane taki nata a cikin bango yake cushe, ba ginshiƙi a ƙarƙashi. Walpole ya tare ranar 22 ga Satumba 1735. Shi ya sa gidan ke ruɗin baƙo: ƙofa ƙarama, ciki kuwa ɗaki kusan ɗari. Amma a lura da abin da Kent ya yi ta fuskar gini. Ya ɗaure gidaje masu shekaru daban, nauyi daban, harsashi daban, ya kuma ƙara musu dutse, duk a kan lakar nan. Kyau ya yi kyau, sai dai kyan ɗan maciji.

Walpole ya fita a 1742, kuma da yawa daga waɗanda suka gaje shi ba su ga abin sha'awa a gidan ba. Manyan masu ƙasa ne, gidajensu na Landan sun fi wannan girma da lafiya. Sau da yawa ministan kuɗi ake bari ya zauna. A zamanin ministan kuɗi Charles Townshend, wajen 1766, aka yi babban gyara, kuma daga wannan aiki na mai zanen gini Kenton Couse ne ƙofar ta samu siffarta, da fitila a sama da kan zaki na ƙwanƙwasawa. Lambarta ma a da 5 ce, sai kafin ƙarshen ƙarnin aka sake lissafin titin ta zama 10. Firaminista Lord North ya zauna a nan lokacin da Amurka ke ƙwace kanta. William Pitt ƙarami, wanda ya hau mulki yana ɗan shekara 24, shi ya fi kowa daɗewa, kusan shekara ashirin, daga 1783 zuwa 1801 sannan 1804 zuwa 1806, kuma shi ma cewa ya yi gidan ƙato ne marar fasali. A lokacinsa, a 1796, aka fasa bango don faɗaɗa ɗakin taron majalisar ministoci, aka kafa ginshiƙai su karɓi nauyin sama. Kowane zamani dai abin da yake yi ke nan, a fasa nan a tokare can, ba wanda ya leƙa ƙasa.

Firaminista Spencer Perceval ya cika gidan da 'ya'ya goma sha biyu. Ranar 11 ga Mayu 1812 wani ɗan kasuwa mai jin haushin gwamnati, John Bellingham, ya harbe shi a harabar majalisa, aka dawo da gawarsa gidan. A 1843 kuma aka harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel, a kan hanya kusa da nan, maharbin ya ɗauka Peel ne. Unguwar a lokacin ta lalace, gidajen giya da na karuwai sun kewaye ta, har an yi maganar a rushe gidan gaba ɗaya. Daga 1847 zuwa 1877 ba Firaministan da ya kwana a ciki, ofis kawai ya zama. Sauran jerin Downing kuwa aka yi ta rushe su ana gina ma'aikatu, ɓangaren kudu ya zama ma'aikatar harkokin waje. Lamba 10 da 11 da 12 kaɗai suka rage, ta 12 ɗin ma gobara ta cinye samanta a 1879.

Firaminista Benjamin Disraeli ne ya dawo da zama a 1877, saboda ciwon ƙafa da asma sun hana shi zirga-zirga, aka saka masa bahon wanka mai ruwan zafi da na sanyi. Lantarki ya shigo a 1894, na'urar ɗumama ɗakuna a 1937. Kowane bututu da waya kuwa sai an huda azara ko an sassaƙe bango kafin su wuce, wato ana ƙara wa tsoho kaya ana rage masa ƙashi. A daren 14 ga Oktoba 1940 bom ɗin Jamus ya faɗi kusa da ginin baitulmali. Churchill na cin abinci a ɗakunan ƙasa da aka tokare, ya tashi ya umarci mai dafa masa abinci, Georgina Landemare, da sauran ma'aikata su bar ɗakin girki su shiga maɓoya. Mintuna kaɗan bayan haka ɗakin girkin ya zama kango.

Zuwa shekarun 1950 abin ya kai maƙura. An ƙayyade yawan mutanen da za su hau bene a lokaci guda don kada daɓe ya rufta. Matattakalar Kent ta nutse da inci da dama. Bangaye sun kumbura sun rabu da juna. Ga kuma cutar katako, wadda a can ba gara ke kawo ta ba, wata irin funfuna ce. Tana kama katakon da ya sha danshi, kamar kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ko fiye, a inda iska ba ta ratsawa, misali bayan allunan ado na bango ko ƙarƙashin daɓe. Tana miƙa farin zare kamar auduga, zaren ya bi ta cikin kwaɓin bulo ya je ya samu wani katako a ɗaki na gaba. Daga waje fenti lafiya lau, amma ka danna da yatsa sai ya lotsa, cikin ya tsattsage gida-gida, ya marmashe kamar busasshen burodi. Maganinta uku ne kuma dole a haɗa su: a toshe inda ruwa ke shigowa, a yanke duk katakon da ya kamu har da mai lafiya na kusa da shi, a buɗe wa wurin iska. Wanda ya sauya katako ya bar yoyo, ya sayo wa funfuna sabon abinci ne kawai.

Firaminista Harold Macmillan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Earl na Crawford. An duba batun a rushe a sake sabo, amma aka yanke shawarar a ceci tsohon, aka ba mai zanen gini Raymond Erith aikin. A 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka samu 'yanci, Macmillan ya kwashe kayansa ya koma Admiralty House da ke kusa, kuma daga can ya bi rikicin makaman Kuba na 1962.

Da ma'aikata suka buɗe ƙasa sai suka tarar gungumen Downing sun ruɓe, wato gidan kusan a kan ba komai yake tsaye. Irin wannan aiki ba a yinsa gaba ɗaya. Ana tokare bango, a haƙa ɗan yanki a ƙarƙashinsa, a zuba kankare da rodi, a jira ya kama, sannan a matsa gaba, in ba haka ba bangon ya biyo mai haƙa. An kafa turakun kankare masu zurfin ƙafa 6 zuwa 18, gwargwadon inda aka samu ƙasa mai tauri. An ciro ƙofofi da allunan bango da murhunan marmara, aka yi musu lamba aka adana, aka mayar da su bayan an sake bangayen. Abin da ya tsira ko aka kwaikwaya bai wuce kashi 40 cikin 100 ba, sauran duk sabo ne. An kuma ɗaga Lamba 12 ta koma tsayinta.

Wajen wanke fuskar gidan ne aka sha mamaki: ashe bulon rawaya ne. Hayaƙin gawayin Landan na shekara ɗari biyu ya mayar da shi baƙi. Tunda duniya da baƙin ta san shi, sai aka sayo baƙin fenti aka shafe. Gidan da aka fara da zanen ƙarya a bango, ga shi an sake yi masa wani.

An ƙiyasta shekara biyu, aikin ya ci uku, kuɗin kuma ya ninka abin da aka tsara, ga yajin aikin ma'aikata ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Macmillan bai daɗe da komawa ba rashin lafiya ta sa ya ajiye mulki a Oktoba 1963. Erith kansa bai ɓoye ɓacin ransa kan ingancin aikin ba, kuma tsugune ba ta ƙare ba, domin a zamanin Firaminista Harold Wilson funfunar ta sake ɓullowa, aka koma fasa bangayen da aka gama shafewa, gyaran ya kai har farkon shekarun 1970.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tsaya a bakin ƙofar: dalilin da sifirin lambar yake a karkace, me ya sa ba ta da ramin makulli ta waje, da abin da ya faru ranar 7 ga Fabrairu 1991 da ya sa aka cire ta katako aka saka ta ƙarfe.